Sarah Bernhardt: me ya sa fim ɗinta bai kai sunanta ba?

"Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a sashen wasan kwaikwayo. Kusan duk littafin tarihin dandamali da aka ba mu sai ya ambaci Sarah Bernhardt, har a ce ba a yi 'yar wasa kamarta ba a zamaninta. Na nemo fim ɗinta na Sarauniya Elizabeth a YouTube na kalla, wallahi Malam ban ga abin yabon ba. Wata dattijuwa ce kawai tana ta ɗaga hannuwa sama tana dafe ƙirji. Shin zuzuta ta Turawa suka yi, ko kuwa ni ce ban iya kallo ba? Kuma in zan yi rubutu a kanta, 'yar fim zan kira ta ko 'yar wasan daɓe?"

Barka kadai, Malama. Tambayarki kashi biyu ce: ina girman da ake faɗa ya shiga da har ba ki gan shi a majigi ba, sannan a wane layi za a ajiye wannan mata, na 'yan daɓe ko na 'yan fim. Idonki bai yaudare ki ba, abin da kika gani haka yake. Waɗanda suka yabe ta su ma ba ƙarya suka yi ba. Fim ɗin da kika kalla an ɗauke shi a 1912, tana da shekara 67, gwiwarta ta dama ta riga ta lalace, kuma da na'urar da ba ta ɗaukar sauti, alhali murya ce babban jarin matar. Kafin mu zo kan fim ɗin sai mun bi shekara hamsin da ta yi a kan dandamali kafin ta tsaya gaban waccan kyamara, domin duk motsin da ya ba ki mamaki a can ta koyo shi.

Farkon tafiya

An haife ta a birnin Faris a watan Oktoban 1844. Takardar haihuwarta ta ƙone tare da sauran takardun birnin a gobarar 1871, shi ya sa za ki ga littattafai sun saɓa a kan ranar. Mahaifiyarta Bayahudiya ce daga Holan, mace mai zaman kanta wadda manyan masu kuɗi ke ɗauke da nauyinta, uban kuwa bai taɓa zama da su ba. Yarinyar ta tashi a hannun masu reno, daga baya aka kai ta makarantar sistoci ta Grandchamp kusa da Versailles, inda aka yi mata baftisma, har ta ƙudurta ita ma sista za ta zama. Duke de Morny, ɗan'uwan Sarki Napoleon na Uku ta wajen uwa, kuma abokin mahaifiyarta, shi ya ba da shawarar a kai ta Conservatoire, makarantar gwamnati ta koyon kiɗa da wasan kwaikwayo.

A 1862 ta fara fitowa a Comédie-Française, gidan wasan gwamnati da aka kafa tun 1680, wanda shiga cikinsa shi ne burin kowane ɗan wasa a Faransa. Ba ta burge kowa ba. Siririya ce ƙwarai a zamanin da ake son mace mai jiki, ga tsoron dandamali da ke shaƙe mata murya, tsoron da bai rabu da ita ba har tsufanta. Ba ta cika shekara ba ta bar gidan. A wani biki na tunawa da marubuci Molière, ƙanwarta Régina ta taka jelar rigar wata babbar 'yar wasa, Madame Nathalie, matar ta hankaɗe yarinyar, Sarah kuwa ta ɗauke ta da mari. Aka ce ta ba da haƙuri a gaban jama'a, ta ƙi. Ƙarshen 1864 ta haifi ɗanta ɗaya tilo, Maurice, ba aure, ba tsayayyen aiki.

Gidan wasa na Odéon ne ya raya ta. Ta shiga a 1866, kuma a 1869 ta fito a matsayin wani saurayi mawaƙi a wani gajeren wasa na François Coppée, daga nan Faris ta san da ita. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Prussia a 1870, aka yi wa birnin ƙawanya, aka rufe gidajen wasa, sai ta mayar da Odéon asibitin sojojin da suka ji rauni, ita da kanta tana jinya tana bin manya tana roƙo musu abinci da gawayi. Bayan yaƙi, a 1872, ta yi sarauniya a wasan Ruy Blas na Victor Hugo, sai ga gidan da ya sallame ta ya aiko yana neman ta dawo. A can ta yi Phèdre ta marubuci Racine a 1874, rawar da ake auna duk wata babbar 'yar wasan Faransa da ita.

Abin da ake biyan kuɗi a je ji

Nan ne gaɓar da ɗalibai suka fi tsallakewa. Manyan wasannin Faransa na gargajiya a waƙe aka rubuta su. Kowane layi gaɓa 12 ne, da ɗan hutu a tsakiya, layuka bibbiyu suna amsa amo. Mai kallo a Faris ya san baitocin Racine da ka tun yana makaranta, don haka ba labari ya kawo shi ba. Ya zo ne ya ji yadda wannan 'yar wasa za ta ja numfashi, inda za ta sassauta, inda za ta zubo layi goma a numfashi ɗaya, inda za ta yi ƙasa da murya har kusan raɗa amma na can kujerar ƙarshe ya ji kowane harafi. Wannan ne fagen Bernhardt. Waɗanda suka ji ta sun yi ta kwatanta muryar da zinariya, an ce Hugo ne ya fara. Sigmund Freud, yana matashin likita a Faris a 1885, ya je kallonta, ya rubuta wa budurwarsa wasiƙa yana ba ta labarin yadda muryar ta kama shi tun daga kalmomin farko.

Sai ki haɗa da girman wurin. Gidan da ta karɓa a 1899 a dandalin Châtelet, ta sa masa sunanta, yana ɗaukar mutum wajen 1,700. Babu makirufo, babu lasifika. A farkon aikinta ma fitilun gas ne a gaban dandamali, suna haska fuska daga ƙasa. Wanda ke benen ƙarshe ba ya ganin ƙwayar idon 'yar wasa, ba ya ganin rawar leɓe. Abin da ke isa gare shi shi ne tsayuwar jiki, buɗe hannuwa, juyin riga, da faɗuwa. Saboda haka makarantar da ta fito ke koyar da motsi mai faɗi wanda ake riƙewa na ɗan lokaci kamar zane, domin ido daga nesa ya samu ya karanta. Ɗaga hannun nan da dafe ƙirjin da suka dame ki, ga na kujerar nesa su ne fuskar.

Ina ganin wannan a aikina kullum. Ɗalibin da ya saba wasa a filin makaranta ko a babban zaure ba makirufo, in ka matso da kyamara kusa da fuskarsa sai ka ga kamar faɗa yake yi da wani, ido a waje, jijiyar wuya a tsaye, alhali jiya a daɓe shi ya fi kowa. Wanda kuma ya fara da fim, in ka ɗora shi a dandamali, daga layi na biyar zuwa baya ba wanda ya san yana wurin. Dukansu sun iya wasa, awon nisan ne ya bambanta. Tsofaffin 'yan wasanmu da suka taso daga ƙungiyoyin wasan daɓe suka shiga talabijin a Kaduna da Kano sai da suka yi wannan gyara, kuma sun yi sa'a, domin talabijin tana jin magana. Kyamarar 1912 kurma ce.

Ranar da ta zama mai gidan kanta

A ganina abin da ya fi muhimmanci a rayuwarta ya faru ne a 1880. Shekara guda kafin nan 'yan wasan Comédie-Française sun je Landan, kuma kowa ya ga cewa daren da Bernhardt za ta fito ne tikiti ke tsada. Ta gane cewa sunanta ke cika zaure, albashinta kuwa na ma'aikaciyar gwamnati ne, sannan ba ta da ikon zaɓen abin da za ta yi. Da aka tilasta mata wata rawa da ba ta so, 'yan jarida suka caccake ta, sai ta rubuta takardar ajiye aiki. Gidan ya kai ta kotu, aka ci ta tarar franc 100,000. Mutane da yawa sun ɗauka ta kashe kanta a sana'a, domin a lokacin ba a barin wannan gida.

Ita kuwa sai ta tara 'yan wasanta, ta shiga jirgin ruwa. A Nuwamban 1880 ta buɗe a New York, ta zaga birane kusan 50 na Amurka da Kanada a jirgin ƙasa, tana wasa da Faransanci a gaban mutanen da akasarinsu ba sa jin ko kalma ɗaya. Ki tsaya a kan wannan, Malama, domin shi ne hujja mafi ƙarfi a kan masu cewa zuzutawa ce kawai. Talla tana iya kawo mutum sau ɗaya. Bernhardt ta yi ta komawa Amurka har 1918, kuma zaure na cika. Ta je Rasha, ta je Kudancin Amurka, ta kai har Ostireliya a 1891. Mutumin da ba ya jin harshe ba zai zauna awa uku yana kuka ba sai in akwai abin da ke ratsa shi ta sauti da jiki.

Daga nan komai ya koma hannunta. Ita ke zaɓen wasa, ita ke ɗaukar 'yan wasa, ita ke duba sutura da adon dandamali. Ta riƙe gidan wasa na Renaissance daga 1893 zuwa 1899, kafin ta koma wanda ke ɗauke da sunanta. Ita ta ɗauko Alphonse Mucha, wani mai zane ɗan ƙasar Czech da ba a san shi ba, bayan ya yi mata takardar tallan wasa da ta fito a bangon Faris a farkon 1895, ta ba shi kwantiragin shekara shida. Ta san darajar hoto tun kafin sauran su farga: hotunanta na kati sun zaga duniya, har da wanda aka ɗauke ta tana kwance cikin akwatin gawa da take ajiye a ɗakinta, kuma ta sa fuskarta a tallan sabulu da biskit. A zagayenta na 1905 zuwa 1906, da gungun 'yan kasuwar da suka mamaye gidajen wasan Amurka suka rufe mata ƙofofinsu saboda ta ƙulla da abokan hamayyarsu, sai ta kafa ƙaton tanti a Texas ta yi wasanta a ciki. Kuɗi sun shigo mata kamar ruwa, sun kuma fita haka, tsakanin gidan wasa, da dangi, da ɗanta mai caca, da auren da ta yi da Aristides Damala a 1882, mutumin da ƙwaya ta kashe a 1889. Bashi na daga cikin abin da ya hana ta hutawa.

Kada ki manta da matsayin da 'yar wasa ke da shi a ƙasar kafin ita. A 1730, da Adrienne Lecouvreur, babbar 'yar wasan Faransa ta lokacin, ta rasu, coci ta hana a yi mata jana'iza saboda sana'arta, da dare aka binne ta a wani fili. Bernhardt ta sha fitowa a matsayin wannan mata. Ita kanta ta sha zagi a kan asalinta na Yahudawa, musamman da ta goyi bayan Kyaftin Dreyfus, hafsan da aka yi wa ƙagen cin amanar ƙasa, matsayin da ya haɗa ta rigima har da ɗanta. Duk da haka a 1914 gwamnatin Faransa ta ba ta lambar girma ta Légion d'honneur, kuma da ta rasu dubban mutane suka cika tituna suna rakiyar gawarta daga coci zuwa maƙabartar Père Lachaise.

Masu sukarta tun tana raye

Ba ke kika fara ganin ƙari a wasanta ba, kuma waɗanda suka riga ki sun gan ta ido da ido. Anton Chekhov, yana saurayi mai rubuta wa mujallu a Mosko a 1881, ya kalle ta ya ce abin da ya gani gwaninta ce da aiki tuƙuru, an lissafa kowane numfashi, amma bai ji wutar da ke taɓa zuciya ba. A Yunin 1895 aka yi wani gwaji da ba a shirya ba a Landan: ita da Eleonora Duse ta Italiya suka yi rawa ɗaya, a wasa ɗaya na Bajamushe Sudermann, kwanaki kaɗan tsakani. Duse ba ta cika kwalliya ba, motsinta kaɗan ne, tana barin abin ya taso daga ciki. Marubuci George Bernard Shaw ya rubuta sharhi ya fifita Duse, ya ce Bernhardt ba ta shiga cikin wadda take kwaikwaya, sai dai ta ture ta ta zauna a gurbinta.

Ni ina ganin Shaw yana da gaskiya a wani ɓangare. Bayan 1880 da yawa daga wasanninta, musamman waɗanda Victorien Sardou ya rubuta mata, an ɗinka su ne daidai jikinta: sarauniya ko masoyiya, kaya masu ƙyalli, kishi, kisa, sannan doguwar mutuwa a ƙarshe. Wasan da za a yi ɗaruruwan dare a garuruwan da ba a jin harshen dole ya jingina da abin da ido ke gani, kuma wanda ya maimaita abu haka sai ya zame masa al'ada. Amma matar da kuɗi kaɗai take nema ba za ta ɗauki rawar Hamlet tana da shekara 54 ba, kamar yadda ta yi a 1899, ta kuma yi shi a matsayin saurayi mai kuzari da azama a lokacin da aka saba nuna shi a sanyaye. Shekara guda bayan haka ta fito a matsayin ɗan Napoleon na Farko, saurayi ɗan shekara 21, a wasan Edmond Rostand, ya zama ɗaya daga manyan nasarorinta. Har ƙarshe kuma ba ta saki Phèdre ba, wadda ba ta da wani ƙyalli sai baiti.

Ita da kyamara

'Yan'uwan nan Lumière sun fara nuna fim ga masu biyan kuɗi a Disamban 1895. Manyan 'yan wasan daɓe sun raina abin, suna ganin kayan 'yan kasuwar baje koli ne. Bernhardt ba ta raina ba. Tun 1880 ta ziyarci Thomas Edison a Menlo Park ta yi magana a cikin na'urarsa ta ɗaukar murya, kuma a babban baje kolin Faris na 1900 aka nuna wani ɗan fim na kusan minti biyu inda take fafatawar takobi a matsayin Hamlet. A 1908 ta yi Tosca ga kamfanin Film d'Art, wanda aka kafa musamman don jawo 'yan daɓe cikin fim, ba ta ji daɗin sakamakon ba. Sai na La Dame aux camélias, wato mace mai furen camélia, da ya fito a 1912, sannan wanda kika kalla.

Dalilai da dama suka taru suka sa ya fito haka. Asalinsa wasan daɓe ne na Émile Moreau da bai karɓu ba a Faris, ta yi asara, sai aka ɗauke shi a fim da kayan da aka riga aka ɗinka. An kafa kyamara wuri guda kamar mai kallo a tsakiyar zaure, tana ɗaukar mutum daga kai har ƙafa, ba ta matsowa, ba ta juyawa. Saboda haka ba ki samu fuskar da fim ke bayarwa ba, ba ki kuma samu muryar da daɓe ke bayarwa ba. Za ki ga bakinta na motsi, tana faɗin layukanta kamar yadda ta saba, hannuwan na tafiya da kalmomin da ba kya ji. Kamar a nuna miki hoton bidiyon babban mawaƙin kalangu ne an kashe sautin, a ce ki faɗi ko ya iya waƙa.

Akwai kuma abin da ya shafi na'ura. Da hannu ake juya kyamarar lokacin, tana ɗaukar hoto wajen 16 zuwa 18 a daƙiƙa. Da fim mai magana ya zo aka tsayar da 24. In aka kunna tsohon fim da sabon gudu, kowane motsi sai ya zama fizge-fizge, kuma kwafi da yawa da ke yawo a intanet haka suke, ga dusashewa saboda an kwafa daga kwafi. Fim ɗin da ake ɗauka da shi a lokacin ba ya ganin launin ja da kyau, yana mayar da shi baƙi, shi ya sa leɓe da kumatu ke fitowa da duhu, fuska kuma fari fat. A gidan kallo na 1912 akwai makaɗa da ke raka hoton, wani lokaci cikakkiyar ƙungiya. Sannan ga gwiwa. A 1905 a Rio de Janeiro, a ƙarshen wasan Tosca inda take dirowa daga kan katanga, ta sauka ba a kan katifar da ake shimfiɗa mata ba. Daga ranar tafiya ta zame mata azaba. In kika sake kallo ki lura da yadda take dafa kujera, ko kafaɗar wani, ko ta tsaya wuri guda ta bar hannuwa su yi aikin da dā duk jiki ke yi.

Da za a ce laifin zamanin ne gaba ɗaya, da ba a yi adalci ba. A shekarun nan dai Asta Nielsen ta Denmark, wadda ita ma daga daɓe ta fito, ta riga ta gano tun fim ɗinta na farko a 1910 cewa kyamara na son a rage. A Amurka D. W. Griffith na matso da kyamara kusa da fuskokin 'yan mata irin su Mary Pickford da Lillian Gish. Waɗannan suna ƙuruciya, suna koyon sabuwar sana'a daga tushe. Bernhardt ta kawo wa kyamara abin da ta shekara hamsin tana gogewa, kuma ba ta da dalilin sauya shi, tunda ita a wurinta fim hanya ce ta adana wasan daɓe da biyan bashi.

Amma fim ɗin ya yi aikin da ya wuce kyansa. Wani mai gidajen kallo a New York, Adolph Zukor, ya sayi izinin nuna shi a Amurka. A lokacin yawancin finafinan ƙasar faifai ɗaya ne, minti goma zuwa sha biyar, ana kallo da santi biyar na kuɗinsu a ƙananan shaguna, kuma masu riƙe da kasuwar sun dage cewa ba wanda zai zauna wa dogon fim. Zukor ya buɗe wannan mai faifai huɗu a ranar 12 ga Yulin 1912 a Lyceum, gidan wasan daɓe na manyan mutane, da tikiti mai tsada. Sunan Bernhardt ya kawo mutanen da dā suke jin kunyar a gan su a gidan majigi. Da ribar da ya samu ya gina kamfaninsa na Famous Players, wanda manufarsa ita ce sa shahararrun 'yan daɓe a shahararrun wasanni, kamfanin da ya haɗe da na Jesse Lasky a 1916, daga baya ya zama Paramount. Dogon fim zai zo ko da ita ko ba ita, domin Italiya ma na yin nata a lokacin, amma ita ce ta ara wa sabuwar sana'ar mutuncin da take nema a Amurka.

A Fabrairun 1915 aka yanke mata ƙafar dama a Bordeaux, tana da shekara 70. Ta ƙi ƙafar katako, ta sa aka yi mata kujerar da mutum biyu ke ɗauka, aka riƙa tsara mata wasannin da za ta yi a zaune ko a kishingiɗe. A haka ta je bakin daga ta yi wa sojojin Faransa wasa a Yaƙin Duniya na Farko, a haka ta sake zaga Amurka daga 1916 zuwa 1918. Wannan lokaci yana ƙara tabbatar da abin da na faɗa a kan murya, domin 'yar wasan da ba ta iya tashi tsaye amma zaure na cika, ba tsalle ake zuwa kallo ba. A Maris na 1923 ana ɗaukar fim ɗinta na ƙarshe a cikin gidanta, saboda ba ta iya fita, ciwon ƙoda ya kwantar da ita. Ta rasu ranar 26 ga watan.

Yadda za ki yi nazarinta

Akwai iyakar da ni da ke ba za mu wuce ba: babu mai rai yau da ya gan ta a ganiyarta, kuma wasan daɓe yana mutuwa ne daren da aka yi shi. Muryarta da ta rage an ɗauke ta ne tana tsufa, tana magana cikin bakin ƙaho, a kan faifan da ba ya wuce minti biyu zuwa huɗu, wanda ke yanke kaurin murya ya bar sama-samanta. Za ki ji tana rawa tana kuma gudu, ƙila ma ta ba ki mamaki fiye da fim ɗin. Duk hukuncin da za mu yanke, a kan shaidar waɗanda suka gani muke yanke shi.

Duk da haka ga abin da nake sa ɗalibaina su yi. Ki nemo faifan Phèdre, ki ajiye rubutun baitocin a gabanki ko da ba kya jin Faransanci, ki bi da yatsa kina lura da inda take numfashi. Ki kalli ɗan fim ɗin Hamlet na 1900, kafin gwiwar ta lalace, ki ga saurin ƙafar mace mai shekara 55. Ki koma kan na Elizabeth ki rage gudunsa a YouTube zuwa kashi uku cikin huɗu, ki ja da baya daga allon. Sannan ki nemi Jeanne Doré na 1915, inda ta fito a matsayin uwar da aka yanke wa ɗanta hukuncin kisa, wanda aka ɗauka bayan yanke ƙafar. Rashin motsi ya sa ta rage, kuma ya fi sauran kusa da abin da idonki ya saba. In kina da hali, ki sa abokan karatunki su yi fitowa ɗaya a babban zaure kina kujerar ƙarshe, su sake yin ta kina riƙe da waya dab da fuskarsu. Littafin tarihin rayuwarta da ta rubuta a 1907 ki karanta shi da taka-tsantsan, domin ta ƙawata abubuwa da yawa, musamman na ƙuruciyarta.

A rubutunki ki kira ta 'yar wasan daɓe. Shekara 60 ta yi a dandamali, finafinanta kuwa 'yan kaɗan ne, kusan dukkansu bayan ta haura sittin. In malaminki ya nemi matsayinta a tarihin fim, ki kawo shekarar 1900 a matsayin lokacin da babbar 'yar daɓe ta yarda ta tsaya gaban kyamara, da 1912 a matsayin lokacin da sunanta ya taimaka wa Zukor ya sayar da dogon fim a Amurka.